Farcen ƙafa mai shiga nama: Abin da maganin gida ke iya yi, da inda ƙarfinsa ya ƙare

Cikin ƙananan larurorin da ke hana mutum sakat, kaɗan ne ake rainawa kamar farcen ƙafa da ya kutsa cikin nama. Wurin da abin ya shafa bai fi girman ƙwayar wake ba, amma yakan hana ɗan ƙwallo fita fili, ya sa ɗalibi ɗingishi, ya mayar da sujada jan aiki domin yatsan ba ya son a lanƙwasa shi. Mujallar American Family Physician, a wani nazari da ta wallafa a 2019, ta ƙiyasta cewa wannan larura ita ce kusan kashi 20 cikin 100 na matsalolin ƙafa da ake kai wa likitocin iyali. Wannan ƙidaya ce ta waɗanda suka isa asibiti. A garuruwan ƙasar Hausa kuwa, mai irin wannan ciwo yakan fara da reza, ko ya tsayar da mai yankan farce, ko ya leƙa kemis, sai abin ya gagari kowa sannan a tuna da likita.

Maganin gida yana aiki, amma a wani mataki na ciwon kawai, kuma ba ga kowa ba. Dalili shi ne asalin matsalar ba cuta ce da ke yawo a jini ba, tsini ne mai tauri da ke sukar nama mai laushi. Duk abin da za a yi a gida, in mai amfani ne, ɗayan biyu yake yi: ko ya rage kumburin naman, ko ya raba shi da tsinin har farcen ya tsiro ya wuce. Abin da bai yi ko ɗaya daga cikin biyun ba, komai tsadarsa ko raɗaɗinsa, ɓata lokaci ne, wani sa'in ma ƙarin ciwo.

Yadda farce ke zama ƙaya

Farce wani ɗan allo ne na sinadarin keratin, kuma wuri ɗaya tak ake ƙera shi: tushen da ke ɓoye ƙarƙashin fatar gindinsa. Daga can yake turowa gaba, gefensa na dama da na hagu suna zamewa cikin wani siririn kwarmi na fata. Muddin gefen yana da santsi, kusurwar kuma ta fito ta hau kan nama, babu abin da zai faru. Matsala takan fara ne idan aka yanke farcen ƙasa sosai, aka kuma bi kusurwa aka zagaye ta kamar yadda ake yi wa farcen hannu. Bakin almakashi ko reza ba ya kaiwa ƙarshen kwarmin, saboda haka sai a bar wani ɗan tsini a can ciki wanda ido ba ya gani. Naman da ke gaban kusurwar, tun da babu sauran abin da ke danne shi, sai ya taso ya tare hanya. Farce bai san an tare masa hanya ba, turowa yake ci gaba da yi, kowane taku kuma yana ƙara manna naman a kan tsinin. Sunan larurar a likitance ya fito ne daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ɓoyayyen farce, kuma sunan ya dace.

Jiki yana ɗaukar tsinin nan kamar yadda yake ɗaukar ƙaya: wurin ya kumbura, ya yi zafi. Kumburin ya ƙara matse farcen, farcen ya ƙara nutsewa. Da zarar fata ta fashe, ƙwayoyin cutar da ke zaune a jikin kowace ƙafa sun sami ƙofa.

Babban yatsa ne ya fi fama, domin shi ke ɗaukar nauyin jiki a ƙarshen kowane taku. Matasa sun fi kowa kamuwa, saboda gumin ƙafa yana jiƙa fata ya tausasa ta, ga takalmin da ƙafa ta girme shi amma ba a sauya ba. Takalmi sau-ciki mai tsinin baki, da but na ƙwallo, da irin manyan takalman da sojoji da masu yi wa ƙasa hidima ke wuni a ciki, duk suna tura naman gefe zuwa ga farce. Tuntuɓe, ko faɗowar abu mai nauyi a kan yatsa, yakan sauya yadda farce ke tsirowa. Akwai kuma waɗanda gado suka yi, farcensu a lanƙwashe yake fitowa kamar baka, da waɗanda cutar fungas ta kumbura musu farce ya yi kauri. Wasu magunguna ma, irin su isotiretinoyin da ake bai wa masu matsanancin ƙurajen fuska, suna iya jawo shi.

Akwai wani adadi da ya kamata duk mai shirin jinya a gida ya riƙe. Wani bincike da aka yi a Jami'ar North Carolina ta Amurka, aka wallafa a 2010, ya auna cewa farcen ƙafa yana ƙaruwa da kimanin milimita 1.6 a wata, alhali na hannu yana yin kusan milimita 3.5. Ke nan idan an yanke kusurwa ta koma baya da milimita 3, sai an yi kusan wata biyu kafin ta dawo bakin nama. Babu ruwan gishiri ko man shafawa da zai gaggauta wannan tafiya.

Adadin yana da wata fa'ida. Yanke farce tsafta ce da addini ya kwaɗaitar, da yawa kuma sun saba yi duk Juma'a, hannu da ƙafa a zama ɗaya. Amma a mako guda farcen ƙafa bai ƙaru da ko rabin milimita ba. Wanda ya dage sai ya sami abin yankewa duk mako, sannu a hankali zai cinye kusurwar. Wa'adin kwana arba'in da hadisi ya iyakance ya bar sarari mai yawa, domin a cikin kwanakin nan farcen ƙafa bai wuce ya ƙaru da milimita biyu da ɗan wani abu ba.

Matakai uku

Tun a 1937 wani likitan fiɗa a Amurka mai suna Heifetz ya kasa larurar gida uku, kuma har yau ana amfani da rabon nasa. A mataki na farko gefen yatsa yakan ɗan kumbura, ya yi zafi idan an taɓa ko an sa takalmi, amma fata ba ta fashe ba, babu ruwa. A na biyu wurin ya ɗuri ruwa, mugunya na tsattsafowa, zugi ya ƙaru har yakan hana barci. A na uku wani jan nama mai laushi ya tsiro ya hau kan farce, da an taɓa shi sai jini, fatar gefen kuma ta yi kauri ta taurara.

Littattafan likitanci sukan ce a duba ja, amma an rubuta yawancinsu ne da farar fata a zuciya. A jikin baƙar fata wurin yakan yi duhu ne ko ya yi sheƙi, ja ba ya fitowa sosai. Abin da ya fi aminci shi ne a kwatanta yatsan da ɗan'uwansa na ɗaya ƙafar, a ji ɗuminsa da bayan hannu. Lalle ma yana rufe launi, don haka mai wannan ciwo gara ta jinkirta ƙunshi har a ga inda aka dosa.

Mataki na farko shi ne gidan maganin gida. Na biyu yana bakin iyaka, kuma ya fi kyau ma'aikacin lafiya ya gani. Na uku ya fi ƙarfin kwano da gishiri.

Abin da ke aiki

Jiƙa ƙafa shi ne abin da kusan duk hukumomin lafiya suka haɗu a kai. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana ba da shawarar ruwan ɗumi mai gishiri. Asibitin Mayo Clinic na Amurka ya ce ruwan ɗumi da sabulu, minti 10 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Bambancin gishiri da sabulu ba wani abu ba ne, domin ruwan ne ke yin aikin: yana tausasa fata da farce, ya wanke datti daga kwarmin, ya sassauta zugi. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na gishirin girki a lita guda ya wadatar. Gishirin Epsom da ake tallatawa a intanet ba shi da wata ƙwaƙƙwarar hujja da ta fifita shi a kan na kicin. Ruwan ya zama mai tsabta, in na rijiya ne a tafasa a bar shi ya huce, ya kuma zama ɗumi irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Imanin cewa sai ruwa ya yi zafi ƙwarai yake kashe ciwo ya ƙona ƙafafu da dama.

Bayan an fito da ƙafar, yayin da fatar ke da laushi, a sa yatsa mai tsabta a riƙa tura naman gefen a hankali yana nisantar farce. Sannan a tsane wurin sarai. Wannan tsanewar ba ƙaramin abu ba ce, domin ƙafar da ta wuni a jiƙe fatarta takan yi laɓo-laɓo, tsini ya fi samun sauƙin shiga. Mai alwala sau biyar a rana ya riƙa goge tsakanin yatsunsa kafin ya sa safa. Ana iya shafa ɗan basilin a kwarmin, a rufe da bandeji mara matsi idan za a shiga ƙura.

Takalmi kuwa, rabin jinyar ke nan. Silifa ko duk wani buɗaɗɗen takalmi yana cire matsin da ke ciyar da ciwon. Wanda ya jiƙa ƙafa sau huɗu a rana sannan ya koma cikin takalmin da ya jawo abin, yana ɗiban ruwa ne da kwando. Ɗalibi ko ma'aikacin da dokar sutura ta tilasta masa sau-ciki ya nemi uzuri na 'yan makonni, ko aƙalla ya sa mai faɗin baki da safar auduga da ake sauyawa kullum.

Akwai dabarar filasta, wadda likitocin Japan suka fi yaɗawa, kuma ta cancanci a san ta fiye da yadda aka sani. Ana manna bakin filasta mai ɗan talewa a kan fatar da ke daf da gefen farce, ba a kan farcen ba, sai a ja ta ƙasa, a bi ta ƙarƙashin yatsa a karkace a manne ta a ɗaya gefen. Jan yana buɗe kwarmin, ya janye nama daga tsini. Kada a zagaye yatsan gaba ɗaya kamar zobe, domin hakan na iya tare jini. Ana sauya ta kullum, kuma sai a busasshiyar fata take kamawa.

Don rage zafi, farasitamol ya isa, babba kada ya wuce giram 4 a yini. Ibufurofen ma yana yi, amma ba ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba.

Saɓani a kan auduga

Tsohuwar dabara ce a ɗaga kusurwar farce a cusa ɗan ƙaramin zaren auduga ko zaren sakace a ƙarƙashinta, domin ta hau bisa nama maimakon ta nutse. Tunanin ɗaga kusurwa ya daɗe ƙwarai. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan fiɗa na Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya yi bayani a littafinsa Al-Tasrif kan sa siririn ƙarfe a ƙarƙashin kusurwar da ke sukar nama a ɗaga ta, sannan a rage naman da ya tsiro. Sai dai shi likita ne da kayan aikinsa.

A yau masana sun rabu. Mayo Clinic da mujallar American Family Physician sun lissafa auduga cikin hanyoyin da ake bi. Ƙungiyar likitocin fiɗar ƙafa da idon sawu ta Amurka kuwa ta yi hani da ita ƙarara, tana cewa ba ta rage zafi, kuma takan zama matattarar ƙwayoyin cuta. Duka biyun suna da gaskiya, kowa da irin majinyacin da yake gani. Masu fiɗa sun fi haɗuwa da yatsun da suka riga suka lalace, sau da yawa da tsohuwar auduga a maƙale a ciki. Abin da za a iya fitarwa daga saɓanin shi ne: auduga tana da amfani idan ana ganin kusurwar, fata ba ta fashe ba, kuma ta shiga ba tare da an yi kokawa ba. Ta zama 'yar mitsitsiya, daga sabuwar leda, a sa bayan an jiƙa ƙafa, a cire a sauya kullum. Idan sai an tona kafin a gano kusurwar, ko akwai mugunya, to lokacin auduga ya wuce.

Ya kamata a fara jin sauƙi cikin kwana biyu zuwa uku. Warkewa gaba ɗaya kan ɗauki makonni, saboda lissafin tsirowar da aka ambata. Amma idan kwanakin farko suka wuce zafi na ƙaruwa, ba ƙarin haƙuri ake buƙata ba, asibiti ake buƙata.

Abin da ke ƙara ta'azzara shi

Mafi yawan ɓarna daga ƙwaƙule kusurwa take zuwa. Dalilin da ya sa mutane ba sa barin wannan ɗabi'a a bayyane yake: tana kawo sauƙi nan take. An cire tsinin, zugi ya lafa, mutum ya yi barci. Amma yankan da aka yi cikin zafi da jini ba ya fita sumul, yakan bar sabon tsini a can baya, wuri mafi zurfi. Bayan wata ɗaya ko biyu sabon tsinin ya iso, ya tarar da naman da ya riga ya yi tabo. Kowane zagaye ya fi na baya muni. Mutanen da ke cewa farcensu yana shiga nama duk bayan 'yan watanni, da yawansu wannan zagayen suke yi ba su sani ba.

Akwai masu yanka ɗan gurbi mai kama da bakin kibiya a tsakiyar farce, wai don gefuna su jawo ciki. Farcen da ya riga ya fito mataccen abu ne, ba ya motsawa ya cike gurbi. Daga tushe ake ƙera siffarsa, yanka a baki ba ya sauya komai.

Sai abubuwan da ake zubawa. Man birki, da kananzir, da fetur, da baƙin mai, babu ɗayansu da aka yi don jikin ɗan Adam, suna ƙona naman da ke ƙoƙarin warkewa. Dakakkiyar tafarnuwa da aka ɗaure a fata takan bar ƙuna sosai. Lemon tsami da ake cusa yatsa a ciki, kamar yadda ake yi wa ɗan kakkarai, da kanwa, da toka, da man goge baki, raɗaɗi suke ƙarawa, kuma mutane sukan ɗauki raɗaɗi a matsayin shaidar cewa magani na ci. Toka da ƙasa kuma suna iya shigar da ƙwayar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki. Dettol da ba a sirka ba yana sale fata. Ruwan khal na tuffa da mayukan mantileta suna da farin jini a shafukan sada zumunta, amma babu ingantaccen gwaji da ya nuna suna warkar da wannan larura. Zuma, da man kaɗanya, da ruwan bagaruwa sun fi waɗancan sauƙin illa a fatar da ba ta fashe ba, amma ko da sun tausasa wurin, tsinin yana nan inda yake. Sakiya kuma tana iya fitar da mugunya, ta bar ƙuna a kan ciwo, farcen na ci gaba da suka.

Fasa kafson Ampiclox a barbaɗa garin a kan miki ya zama ruwan dare. An haɗa maganin ne don a haɗiya, ba a yi shi don barbaɗawa ba. Ko shan ma, ba shi ne ke warware matsalar ba. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2000 ya nuna cewa idan an cire gefen farcen da ke suka, ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha bai gaggauta warkewa ba. Likita yakan rubuta shi ne idan ciwon ya bazu ya wuce gefen farce. Haka nan, likitoci kan ba da man shafawa mai siteroid na 'yan kwanaki don rage kumburi, amma wannan ba izini ba ne na lafta mayukan bilicin ko masu haɗin magani uku a kan wurin da ke fitar da ruwa.

Masu yankan farce na kan titi, waɗanda ake jin ƙarar almakashinsu tun daga nesa, da yawansu gwanaye ne, kuma suna biyan buƙatar mutanen da ba sa iya sunkuyawa. Sai dai abin da ake yaba musu a kai, wato bin gefe a ƙwaƙule shi tas, shi ne ainihin abin da ke haddasa larurar. Ga kuma batun kayan aiki. Binciken NAIIS na 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ƙwayar da kan rayu aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe. Goge almakashi da tsumma ko ruwan kumfa ba ya kashe ta. Yatsan da ya kumbura kuwa da wuya a taɓa shi bai yi jini ba. Wanda zai ba da ƙafarsa a yanke masa ya riƙe kayansa na kansa, ya kuma faɗa tun farko cewa a bar kusurwa.

Waɗanda babu ruwansu da maganin gida

Ga mai ciwon suga, babu wani mataki na farko da za a ce a gwada a gida. Ciwon yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini, don haka ƙararrawar da ke sanar da kowa cewa abu ya ɓaci, wato zafi, ba ta kaɗawa. Mutum zai iya tsoma ƙafa a ruwan da ke ƙona shi bai ji ba, ko ya yi mako yana taka yatsan da ya ruɓe. Shi ya sa ma ba a son masu suga su riƙa jiƙa ƙafa sai da umarnin likita.

Alƙaluman gida sun isa gargaɗi. Wani bincike da ake kira MEDFUN ya bibiyi majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na ciwon suga a manyan asibitoci shida na Najeriya, ciki har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, tsakanin 2016 da 2017. Kashi 35.4 cikin 100 an yanke musu wani sashe na ƙafa, kashi 20.5 kuma sun rasu. Ba dukansu ne suka fara da farce ba, amma gyambon suga daga ƙaramin rauni yake farawa, kuma reza a gefen yatsa tana cikin hanyoyinsa. Wani abin dubawa shi ne ƙiyasin Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, IDF, na 2021, cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Saboda haka babban mutum da ƙaramin ciwon yatsa ya ƙi warke masa, musamman in yana yawan fitsari da ƙishirwa ko yana jin ƙafarsa kamar ba tasa ba, ya auna suga kafin komai.

Hukuncin ɗaya ne ga mai sikila, da mai toshewar hanyoyin jini a ƙafa, da wanda kuturta ta taɓa kashe masa ji, da mai raunin garkuwar jiki saboda ƙanjamau ko maganin daji. Kowa ma, komai lafiyarsa, ya nufi asibiti a ranar idan kumburi ya haura zuwa bayan ƙafa, ko zazzaɓi ya shigo, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko yatsan ya fara baƙi yana wari.

Wani lokaci kuma abin ba farce ba ne tun asali. Ƙashi kan yi ɗan tsiro a ƙarƙashin farce ya ɗaga shi, hoton ƙashi ne kawai ke nuna wannan. Akwai kuma dajin fata da ake kira melanoma, wanda a jikin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Shi ne ya yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, bayan an fara ɗaukar ciwon yatsansa a matsayin raunin ƙwallo. Ba abu ne mai yawa ba, amma baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi, ko baƙin da ya malalo kan fatar gefe, ko tsiron nama da ya ƙi jin magani wata da watanni, duk suna buƙatar idon likita.

Abin da ake yi a asibiti

Tsoron a cire farce baki ɗaya yana hana mutane da yawa zuwa, alhali ba kasafai ake yin haka ba. Idan ciwon bai yi nisa ba, ana iya tsaga 'yar siririyar roba irin ta ƙarin ruwa a sa wa gefen farce kamar kube, ta raba shi da nama har ya tsiro. Idan ya yi nisa, ana yin allurar kashe zafi a gindin yatsa, a yanke siririn sashe na gefen farce tun daga baki har tushe, faɗin 'yan milimitoci, a zare shi. Aikin ba ya buƙatar kwanciya, kuma likitan babban asibiti na iya yin sa.

Tambayar da ta dace majinyaci ya yi ita ce ko za a kashe tushen wannan gefen. Idan an zare gefe kawai aka bar tushe, farcen zai dawo da faɗinsa na da, kuma a wasu bincike fiye da rabin majinyata ciwon ya sake dawo musu. Hanyoyin kashe tushen biyu ne: a yanke shi da wuƙa, kamar yadda Winograd ya bayyana a 1929, ko a ƙona shi da sinadarin finol, dabarar da aka fara bayar da rahotonta a 1945. Cibiyar Cochrane, a bitar da ta yi a 2012 kan gwaje-gwaje 24 da suka ƙunshi mutum 2,826, ta kammala cewa fiɗa ta fi hanyoyin da ba na fiɗa ba hana dawowar ciwon, kuma ƙara finol yana ƙara rage dawowar. Farcen yakan ɗan rage faɗi har abada, wurin kuma yakan yi 'yan makonni yana tsattsafar ruwa kafin ya bushe, wannan ba alamar lalacewa ba ce. Cire farce ɗungurungum ba tare da taɓa tushe ba shi ne mafi ƙarancin riba: sai an yi shekara guda zuwa shekara da rabi kafin ya dawo, a tsawon lokacin kuma naman kan yatsa yakan taso ya tare wa sabon farcen hanya. Wanda ya daɗe bai yi rigakafin tetanus ba ya faɗa wa likita.

Bayan an warke, yankan shi ne abin kula. A yanka farcen ƙafa a miƙe daga gefe zuwa gefe, bayan wanka lokacin da yake da laushi, a bar tsawonsa daidai da kan yatsa yadda za a iya ganin kusurwoyin biyu a bisa nama. Idan kusurwa tana kama safa, a goge kaifinta da magogin farce, kada a yanke ta. Kada a fizge ragowar da hannu, domin yagewar takan gangara cikin kwarmi. Takalmi kuma a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a tsaye, da irin safar da za a riƙa sa shi da ita, a bar kimanin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. Yara masu tasowa a riƙa duba musu wannan tazarar a farkon kowane zangon karatu.